Mun Girma Muna Dariyar Manya

Duk wanda ya tashi a Zariya ko Kaduna a shekarun 1980 ya san talabijin ba kwana yake yi yana magana ba. Ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha a ranakun aiki, a rufe ta wajen sha biyun dare da taken ƙasa. In ɗoki ya sa ka kunna kafin lokaci, ba abin da za ka samu sai ƙara da yayyafin baƙi da fari. Tasha ɗaya ce ke zuwa mana garau, NTA Kaduna, saboda haka ba a rigimar wa zai riƙe rimot, don rimot ɗin ma ba a san shi ba. Abin da aka sa shi kowa zai kalla, daga mai furfura har mai majina.

A layinmu na Tudun Wada gidajen da ke da akwatin ba su da yawa. Na wani Alhaji maƙwabcinmu shi ne na jama'a: baƙi da fari ne, mai ƙafafu huɗu da ƙyauren katako da ake ja a kulle da makulli. Da an idar da magariba sai a fito da shi tsakar gida a baza tabarmi. Dokar Hajiya ɗaya ce, wanda bai wanke ƙafa ba ba zai hau mata tabarma ba. Manya a kan kujeru, mata daga bakin ƙofar ɗaki, mu yara a gaba har muna jin ɗumin gilashin a fuska. Eriya tana can sama a kan doguwar gora, in iska ta juya ta sai a tura wani yayanmu ya hau katanga. "Ya yi?" "Bai yi ba, koma baya kaɗan!" "Yanzu fa?" "Yauwa, tsaya nan, kar ka motsa!" Sau da yawa a kan katangar zai ƙare shirin, yana jiyo dariyarmu yana tambayar me aka ce. In aka ɗauke wuta kuwa, salati ne zai tashi daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan, a kwasa a guje zuwa gidan wani bakanike mai ƙaramin akwati da ke aiki da batirin mota.

Ranar Samanja, ko almajirin da ya shigo bara sai ya manta da ƙoƙonsa a bakin zaure. Usman Baba Pategi ne Samanja Mazan Fama. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta jihar Kwara, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya kuma sa kakin soja na gaske a zamanin yaƙin basasa. Don haka Hausar barikin da yake zubawa ba daga nesa ya tsinto ta ba, a bakin masu ita ya ji ta. Namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, a jefa Turancin fareti a tsakiyar zance, a rufe da tsawa. Ga gashin baki, ga sanda a hammata, ga ƙirji a gaba. Amma ba tsawar ce ke kayar da mu ba. Abin da ke sa mu birgima shi ne mutumin da ya gama girgiza kurata, da hafsa ya doso sai ka ga ya ƙame yana sarawa, murya ta sirance. Ko kuma ya koma gida ƙaramar maganar iyali ta gagare shi.

A tuna wa ke riƙe da ƙasar a lokacin. Buhari ya karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983, Babangida ya ture shi a watan Agustan 1985, kuma in ban da 'yan watanni a 1993, soja ne a sama har 1999. A 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, magidanci yana iya yin tsallen kwaɗo a bainar jama'a don ya makara zuwa ofis ko ya ƙi bin layi. A cikin wannan hali ne tashar gwamnati da kanta take shigo mana da soja har tsakar gida mu ƙyalƙyale masa da dariya. Ina ganin abin da ya sa aka ƙyale shirin shi ne ba zagin soja yake yi ba. Nuna mana yake yi cewa a cikin kakin nan akwai mutum mai bashi a wuya, mai iyali, mai shakkar na gaba da shi. Ban san wani jawabin gwamna da ya rage wa talaka tsoron kaki kamar yadda Samanja ya yi ba.

Kasimu Yero kuwa Bazazzagi ne, saboda haka muna ji da shi ɗan gida. In ya karkata hula ya ɗaga gira ɗaya, kafin ya buɗe baki an fara dariya. A Karambana shi ne sarkin shiga sharo ba shanu, wanda ba a gayyace shi ba amma shi zai fi mai abin zaƙewa, ya ɓata lamari, ya kuma fita da bakinsa. Bayan shirin ya yi tashe, babu unguwar da ba a liƙa wa wani wannan suna ba, kuma wanda aka liƙa wa ya cancanta. Shi dai Kasimu ya fito a Gagarau, ya fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin daga littafin Abubakar Imam, inda muka ga sarki da waziri da aku da idonmu bayan mun sha karanta su a aji. Daga Jos kuma ga Karkuzu na Bodara, da tasa Hausar ta kan dutse da nasa salon rigimar.

In aka yi dogon hutu aka tura ni Kano wurin kawuna, sai in tarar da wata duniyar. Kanawa suna da NTA tasu, ga kuma CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yau ake kira da sunansa. Can na ga Kuliya Manta Sabo, Alhaji Daudu Galadanci a kan kujerar alƙali, ana gurfanar da masu cin amana da masu rantsuwar ƙarya. Can na san su Ɗanhaki da Ɗan Magori da Hankaka. Barkwancin Kano na kasuwa ne: dillali, ɗan kamasho, mai gidan haya, abokin ciniki da ya karɓi kaya ya ɓace. Na Kaduna ya fi karkata ga bariki da ofis da ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa ran goma ga wata.

Yawancin wasannin nan ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. Zama ake yi a tsara ƙashin labarin: kai ne mai bin bashi, kai ne wanda ake bi, ke ce matar da za ta ce maigida ba ya nan alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Sauran kowa ya nemo a bakinsa. A nan ƙarfinsu yake, a nan kuma rauninsu yake. Hausar da ke fitowa mai rai ce, da habaici da zambo da baƙar magana mai zafi wadda marubuci zai kwana bai ƙago irinta ba. Amma in ranar ba ta zo wa 'yan wasan da sa'a ba, sai a yi ta zagaye wuri ɗaya, mutum uku suna magana lokaci guda, har lokaci ya cika. Ɗaki ɗaya ne yau falon Alhaji, gobe ofishin 'yan sanda, an dai sauya kalanda. In aka buga ƙofa da ƙarfi bango ya yi rawa. Mata kuwa kashi biyu ne, ko masifaffiya mai ɗaurin ɗankwali a goshi, ko baiwar Allah mai kuka a gefen gado. Sannan ga abin da tun ina yaro yake sa ni hamma: minti biyar na ƙarshe, inda mai unguwa ko liman zai shigo ya zaunar da kowa ya faɗi darasin, a cusa maganar rigakafi ko takin zamani ko sharar ƙarshen wata. Mun riga mun gane darasin tun sa'ad da mai laifi ya ɓuya a bayan randa. Masu kewar da, in sun tashi yabo, sukan tsallake wannan ɓangaren.

Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Allah Ya jiƙansu. Abin baƙin ciki, da yawa daga kaset-kaset ɗin wancan zamani sun lalace, wasu an yi sabuwar ɗauka a kansu. Ɗan abin da ake tsinta a YouTube yanzu guntaye ne masu dishi-dishi, in ka nuna wa ɗanka sai ya dube ka da tausayi.

Akwai kuma shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya, na Turanci, da ake haɗa duk tashoshi a sa. Cock Crow at Dawn ya fara a 1980, a Jos aka ɗauke shi, kuma don a kwaɗaitar da mutane noma aka yi shi, zamanin da gwamnatin Shagari ke kiran a koma gona. Labarin Bello ne da ya bar birni ya koma ƙauye da iyalinsa, ga Kasimu Yero a matsayin Uncle Gaga, tsoho mai taurin kai da baƙin ciki, ga Sadiq Daba a matsayin Bitrus. Da muryar Bongos Ikwue ta tashi a farkon shirin, ko wadda ke tuƙa tuwo sai ta leƙo. Har gobe ina ganin ba a yi wasan talabijin a ƙasar nan da ya fi shi natsuwa ba. Talla ce ta noma, amma ba a taɓa tsayar da labari don a yi mana lacca ba. Daga Inugu ga New Masquerade, inda Chika Okpala, wato Zebrudaya, ke karya wa Turanci ƙafa da hannu yana taƙama. Mu da ake cin tararmu a makaranta in an kama mu muna Hausa, a kuma zane mu in mun yi kuskuren Turanci, ba ƙaramin daɗi muke ji ba mu ga babban mutum da jar hula yana ragargaza harshen Sarauniya ba mai ɗaga masa bulala. Basi and Company na Ken Saro-Wiwa ya zo a 1986, daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya fara cizo: matashi a ɗaki ɗaya a Legas, ba aiki, ba kuɗin haya, kullum da sabuwar dabarar zama miloniya. Mun yi masa dariya a lokacin. Bayan shekara goma rabinmu mun zama shi.

Na ƙasashen waje ma an sa mana su da yawa. A cikinsu wanda ya fi shiga gidan Alhaji shi ne Frank Spencer na Some Mothers Do 'Ave 'Em, daga Ingila, don faɗowa daga kan rufi ba ta bukatar tafinta. Duk abin da ya taɓa sai ya karye, matarsa Betty tana haƙuri, matan tsakar gida suna cewa wannan ita ce 'yar Aljanna. Mind Your Language ya yi mana daidai, tun da mu ma fama muke yi da Turancin. Wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa Goggo kai shi ne dariyar da ke tashi a cikin akwatin ba a ga masu ita ba, wani lokaci ta 'yan kallon da aka tara a ɗakin ɗauka, wani lokaci ta inji. "Su waye waɗannan a bayan bango," in ji ta, "da ba su da aiki sai dariya?" Wasanninmu ba su bukaci wannan ba, don masu dariyar suna nan zaune a kan tabarma. Shi kuwa Baba, Diff'rent Strokes ne ba ya ƙauna. Yara biyu baƙaƙen fata wani attajiri Bature ya ɗauka riƙo, ƙaramin, Arnold, bakinsa ya fi jikinsa, babba na faɗa yana faɗa. "Wannan yaro ba shi da kunya," in ji Baba, ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Mu kuwa saboda Arnold ɗin muke zuwa.

A nan maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya take. Duk wasannin Hausar da na lissafa na manya ne. Rigimar kishiyoyi, bashi, gado, haya, cin hanci, neman aure na huɗu. Yaro in ya fito, aike aka yi masa, ya durƙusa ya ce an ce ka zo. Saurayi ko budurwa in sun samu babban matsayi, to izina za a yi da su: shi ya bi abokan banza ya ƙare a gidan yari, ita ta bi mai mota ta dawo da abin kunya. Ko a littafin wasan da muka karanta a aji, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, 'yar makarantar gargaɗi ce aka yi da ita ga sauran 'yan mata. Ban ce gargaɗin ƙarya ba ne. Amma tsakanin ɗan aike da lalatacce akwai miliyoyinmu da ba mu kasance ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya ga akwai labari a tare da mu.

Alhali kuwa makarantar kwana da na yi, ita kaɗai ta ishi marubuci shekara goma. Ga ɗan aji ɗaya da ya iso da akwatin ƙarfe da sabon bokiti, kafin magariba bokitin ya zama na siniya. Ga gabza da miyar da ake hango ƙasan kwano ta cikinta, da wake mai baƙi a ciki waɗanda ba a gayyata ba. Ga cinikin ƙanzo da garin kwaki da ƙuli-ƙuli bayan an kashe fitila, inda cokalin sukari ɗaya ke sayen aikin lissafi na mako guda. Ga siniyan da ke sa ka gwale-gwale da rana, da dare ya kira ka gefe ya ce ka rubuta masa wasiƙar soyayya don rubutunka ya fi kyau, ku buɗe ƙamus ku zaɓo kalmomin da ku duka biyu ba ku san ma'anarsu ba, a barbaɗa hoda a cikin ambulan. Ga ranar ziyara, da yaron da ba a taɓa zuwa masa ba amma ya fi kowa cin kaji, don ya iya gaishe da iyayen mutane. Ga masu tsallaka waya su tafi silima, su dawo su tarar da malamin da ke kula da ɗakin kwana zaune a kan gadon ɗayansu yana jira. A daren Asabar ƙungiyar wasan kwaikwayo takan hau dandamali a ɗakin cin abinci, wani ya cusa matashin kai a riga ya kwaikwayi tafiyar shugaban makaranta, shugaban yana zaune a layin gaba yana dariyar yaƙe. Ban taɓa yin dariya a gaban talabijin kamar yadda na yi a waɗannan darare ba.

Kuma kada a ce al'adarmu ce ba ta yarda yaro ya yi wa babba dariya ba. Tashe fa? Da azumi ya kai kwana goma, yara ke liƙa gemun auduga, su ɗaura tsumma a ciki, su bi gida-gida suna kwaikwayon tsoho da malami da mai magani da gwauro, manya suna dariya suna ba da hatsi da kwabbai. Wasan yara ne, da idon yara, a kan manya, kuma da izinin manya. Talabijin ɗinmu ya ɗauki wasan dattawa ya bar wannan a titi.

Shi ya sa da shagunan hayar kaset suka buɗe a farkon shekarun 1990, finafinan barkwancin 'yan makarantar Amurka suka same mu da ƙishirwa. Ferris Bueller's Day Off na 1986 labarin yaro ne da ya yi ƙaryar ciwo don kada ya je makaranta, malamin ladabtarwa ya sha alwashin kama shi, ya ƙare da taɓo har gwiwa kare na binsa. Ba mu bukaci a fassara mana ba. A cikinmu akwai waɗanda suka kwana da albasa a hammata don jiki ya yi zafi ranar gwajin lissafi. House Party na 1990 kuma yaro ne da uba ya hana fita, ya sulale ta bayan gida. Wannan ma mun san shi. Abin da ba mu gane ba shi ne sauran kayan: ɗan shekara 16 da mota, bikin ƙarshen shekara da dole kowane yaro ya zo da yarinya a hannu, uwa da uba suna ɗaukar su hoto. Mu da in ka ga 'yar makarantar 'yan mata ranar gasar kacici-kacici, sai ka yi wata guda kana ba da labarin yadda ta kalle ka.

Zuwa 1999, da American Pie ya fito, na riga na zama saurayi, kuma a ɗakin abokai muka kalle shi an sa sakata. Hukuncina a kansa bai sauya ba: dariyar kunya ce, irin wadda kake yi kana duban ƙofa, kuma in an cire batsar abin da ya rage ba zai cika cokali ba. Irinsa ne ya sa iyaye a nan suka ɗauka duk fim ɗin matasa iskanci ne. Amma masu kyau a cikinsu suna da abu ɗaya da ya kamata a ce mun ɗauka: kyamara tana tsayawa ne a inda yaro yake tsaye. Daga ƙasa ake hango babba, da girmansa da ban dariyarsa. Kunyar sabon zuwa, tsoron jarrabawa, abokin da ya yi sabon aboki ya bar ka, duk an ɗauke su a matsayin labarin da ya isa a ba shi awa biyu, ba tare da wani ya mutu ko ya yi ciki ba.

Indiyawa sun fi kusa da mu a nan, don su ba su kori iyaye da kunya daga labarin ba. Jo Jeeta Wohi Sikandar na 1992, inda Aamir Khan ya fito malalacin ɗan makarantar talakawa da ya kara da 'ya'yan masu kuɗi a tseren keke, shi ne fim ɗin matasa da na ga unguwa guda ta kalla tare ba wanda ya sunkuyar da kai. Rabin farko na Kuch Kuch Hota Hai, na 1998, duk tsokanar 'yan kwaleji ce. Masu finafinan Hausa sun sha daga wannan rijiya sosai, amma abin da suka ɗebo shi ne waƙa da rawa da soyayyar mutum uku. Makaranta a fim ɗin Hausa gindin bishiya ce inda saurayi zai hango budurwa rungume da fayil. Ba aji, ba malami, ba yunwa, ba aboki mai ban dariya da kansa. A NTA an yi I Need to Know a ƙarshen shekarun 1990, inda aka fara sanin Funke Akindele, 'yan matan sakandare ne kuma an yi ƙoƙari, sai dai asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya ɗauki nauyinsa, don haka kowane mako da darasin lafiyar da za a haɗiye. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a ƙarshen 2014, yara da samari ne suka fi kowa sayen kaset ɗinsa, amma shi ma direba yake fitowa, ko boka, ko ɗan ƙauye a birni. Matasa na kallo, ba a kallon matasa.

Da Arewa24 ta buɗe a 2014, wasan mako-mako ya dawo da martabarsa, kuma ba na cikin masu cewa na da ya fi na yanzu ta kowace fuska. Hoto ya fi kyau, sauti ya fi kyau, mata sun samu matsayi masu ƙwari. Kamaye da Adama na Daɗin Kowa za su zauna daidai a kowane zamani. Kwana Casa'in ya taɓa 'yan siyasa ta inda na da ba su isa su taɓa ba. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, tsoho mai dukiya da rowa da tarin 'ya'yan da ke jiran rabonsu tun yana numfashi, shi ne magajin su Karambana na gaskiya, kuma shi kaɗai ne yanzu ke tara ni da 'ya'yana a falo ɗaya. Masu dogon zango na YouTube kuwa, da yawansu labarin mako goma ne ake ja shekara biyu, a nuna mota tana shiga gida, a nuna an buɗe ƙofa, a nuna an rufe. Amma ko a mafi kyawunsu, matashi in ya fito matsala ce ya zo wakilta: shaye-shaye, daba, auren dole, ko kuma soyayyar ɗan attajiri da 'yar talaka.

Wajen rabin mutanen Najeriya ba su wuce shekara 18 ba. Suna can a kan waya suna kallon wasannin Koriya da finafinan Indiya masu fassarar Hausa da guntayen barkwancin TikTok, waɗanda yawanci su ne ke yi wa junansu, a ɗaki, da waya ɗaya. Na san abin da masu shirya fim za su ce: hukumar tace finafinai tana nan, malamai suna nan, da ka ce wasan matasa za a ce ka zo lalata tarbiyya. Wannan uzuri bai karɓu ba. Makarantar kwana ta maza zalla ko ta mata zalla ba ta bukatar ko riƙe hannu. Haka Islamiyyar dare, da garejin da yara ke koyon kanikanci, da ajin share fagen JAMB inda wanda ya zauna sau uku ya zama shugaba, da tsangaya, wadda in ban da tausayi ko zargi ba a taɓa nuna ta da idon almajirin da ke cikinta ba, alhali su ma suna da tsokanarsu da laƙabobinsu da dabarun kauce wa gardi.

Don haka roƙona ga masu shirya fim irin su Malam Falalu da Malam Aminu Saira da matasan marubutan da ke bayansu: ku yi mana wannan wasa. Ku nemo yara masu shekarun, kada a sa wa ɗan shekara talatin da biyar gajeren wando a ce ɗan aji uku ne. Ku zauna da su ku ji yadda suke magana in babu babba a wurin, ku bar su su zuba tasu Hausar yadda aka bar su Samanja suka zuba tasu. Kuma don Allah, in shugaban makaranta ya faɗa kwata garin bin masu tsallaka waya, a bar shi a ciki har a rufe shirin. Kada a turo liman ya zo ya yi mana bayani.